Yadda Ake Bin Sawun Ruwan Famfo daga Tanki zuwa Randa

Wani dattijo a layinmu, nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ya taɓa tarar ruwa a kofin gilashi daga famfon gidansa, ya ɗaga shi yana hango rana ta ciki, ya ce da ni, "Yaro, wannan ma sai an auna shi? Dube shi fa, garau kamar hawaye." Na ce, "Baba, yi mini haƙurin minti biyu." Na zuba a 'yar kwalbar awo, na jefa ƙwaya, na girgiza. Yadda ruwan ya shiga haka ya tsaya, bai sauya ba. Baba ya yi murmushin wanda ya ci gardama. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin a sana'armu ta auna ruwan sha rashin launin nan na nufin babu ko ɗigon kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ya rage, ruwan ya iso gidan ba mai rakiya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan ruwan sha dai bai sani ba.

Na yi shekaru ina zagaya gari da akwatin awo ɗaure a bayan babur, ba mai tambayata komai sai yara. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin ya cika ya batse da waɗanda suka gudo, a Satumbar shekarar aka sanar da kwalara a jihar nan, ta kuma dawo a daminar 2024, sai ga samarin kwamitin unguwa, lijna kamar yadda muke cewa, suna sallama a ƙofata a koya musu. Abin da nake gaya musu a zaure shi zan shimfiɗa.

Wani ɓangare na ruwanmu daga Shuwak yake tasowa, daga kogin Atbara, ya yi tafiyar kusan kilomita 70 cikin bututu, wani kuma daga rijiyoyin burtsatse na bayan gari. Kafin a sake shi ana zuba masa kulorin. Wani kaso na kulorin ɗin yana ƙarewa nan take wajen kashe ƙwayoyin cuta da cinye datti. Ragowar ita ce guzurin ruwan, ita za ta raka shi har bakin famfonka. To shi guzuri ƙarewa yake yi. Zafi na cinsa, lakar da ta kwanta a tsohon bututu na cinsa, daɗewa a hanya ma na cinsa. Takardar da ta ce ruwa ya bar tashar tace ruwa lafiya lau ba ƙarya ta yi ba, sai dai labarin tasha ta ba ka, ba na layinku ba.

Babbar matsalar kuwa ita ce ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi, in ya tsage waje yake fesawa. Asara ce, amma datti ba ya shiga. Da zarar an rufe layi, ko wuta ta ɗauke inji ya tsaya, sai bututun ya koma zuƙa. Duk abin da ke kwance kusa da tsagar, ruwan kwata ne ko tsiyayar masai, ciki zai nufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ƙasarmu baƙar laka ce: da rani ta daddare har ƙafar akuya na faɗawa, da damina ta kumbura tana murɗa bututu tana ɓalle mahaɗi. Ga kuma ɗan injin zuƙo ruwa da kowane mai hali ya ɗaura kai tsaye a jikin bututu. Shi yana cika tankinsa, maƙwabcinsa na ƙarshen layi yana shan abin da injin ya jawo daga ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai 'yar kwalbar roba mai jerin launuka a jikinta, daga ruwan hoda mai haske zuwa mai duhu, kowane launi da lambarsa. Ƙungiyoyin agaji kan raba ta. Akwai ƙwayar DPD lamba 1, ita ke nuna ragowar kulorin mai aiki. Duba ledar da kyau, domin akwai lamba 3, ita kuma wani awon take yi. Sai ƙwayar awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da dogon bututun auna dagulewar ruwa, da daftari da biro. In za ka ɓatar da ɗaya, kada ya zama daftarin.

Kafin ka auna ko ɗigo, nemi tsohon mai gyaran famfo na unguwa, ka saya masa shayi, ya zana maka yadda layuka suka bi. Abin da ke kansa babu shi a wata taswira. Daga nan ka tsayar da wuraren awo: bakin tankin da ruwa ke fitowa, wani gida a tsakiya, gidan kan tudu da ruwa ke isa a makare ya riga kowa yankewa, inda bututu ya ratsa kwari, da wutsiyar layi, wato inda bututu ya ƙare ruwa ba ya wucewa. Ƙara da makaranta, musamman wadda baƙi ke zaune a ciki, da famfon kasuwa. Waɗannan wuraren ba a sauya su. Na sha ganin samari sun zaɓi gidan shugaban lijna da ke jikin tanki, saboda akwai inuwa da ruwan sanyi, kullum su dawo da lamba mai kyau. Wutsiya ake zuwa, ko da rana ta take.

Idan ka isa bakin famfo, cire tiyo in akwai, domin ruwan da ya wuni a tiyo cikin rana ba ruwan bututu ba ne. Buɗe ya zuba kamar minti biyu, a tara a bokiti don wanki, kada uwargida ta ga kana ɓarna gobe ta ce maigida ba ya nan. Ɗauraye kwalbar sau uku, ka cika ta zuwa layi. Yaga ledar ka tura ƙwayar ciki ba tare da yatsanka ya taɓa ta ba. Rufe, girgiza har ta narke. Juya wa rana baya, sa farar takarda a bayan kwalbar, ka ga launin da ruwan ya yi daidai da shi. Karanta nan take, kafin minti ɗaya ya wuce. In ka ajiye ka shiga tambayar iyali da gajiya, launin zai ci gaba da duhu ya ba ka lambar da ta wuce ta gaskiya. Ni sai na gama gaisuwa tsaf nake jefa ƙwaya, ka kuwa san gaisuwarmu ba gajeriya ba ce.

Lambobin miligiram ne a kowace lita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, bayan kulorin ya yi aƙalla minti 30 cikin ruwa ragowarsa ta kai 0.5, a wurin da mutum ke ɗiba kuma kada ta gaza 0.2. Lokacin annoba ana ɗaga ma'aunin: 0.5 ko'ina a bututu har wutsiya, 1.0 a famfon da jama'a ke layi, 2.0 a tankar mota sa'ad da ake cika ta. Iyakar sama 5 ce, amma tun ba a je ko kusa ba mutane sun ƙaurace wa famfo, don akwai masu jin warinsa tun daga 0.3. Kada ka raina wannan. Ranar da wari ya yi yawa, mata kan koma kududdufi da hafir, tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, su ɗebo ruwan da suke ganin ya fi daɗi, kai kana nan kana murna da lambarka. Masu shayin bakin kasuwa sun fi kowa saurin ji. In an zarce, kafin ka kwance akwati sun sanar da kai.

Akwai tarkon da na faɗa a farkon aikina. Wata safiya na auna ruwan tankin da aka wanke jiya. Ƙwayar na narkewa na ga ja ya gifta kamar walƙiya, sai ruwan ya koma fari. Na rubuta sifili, na ce a ƙara magani. Maigidana a aiki, Allah ya jiƙansa, ya kai kwalbar hancinsa kawai ya ce, "Malam, naka hancin a gida ka baro shi?" Ashe kulorin ne ya yi yawa har ya cinye launin, yadda yake cinye launin atamfa. In ya kai wajen 10 ko ya haura, haka yake yi. Saboda haka in ka ga fari amma wari na dukan hanci, sirka ruwan da wanda ba shi da kulorin, kashi ɗaya cikin goma, ka sake aunawa. Ƙwayar da ledarta ta huje, ko ta yi duhu, ko ta zama gari, ita ma ƙarya za ta yi maka. Kada ka bar su a aljihun babur cikin zafin Afrilu.

Da damina Atbara kan sauko daga tsaunukan Habasha jajur da laka. Laka tana cinye kulorin, tana kuma ɓoye ƙwayar cuta a jikinta ya rasa inda zai kama ta. Nan dogon bututun ke da aiki. A gindinsa akwai baƙar alama; zuba ruwa sannu a hankali kana leƙawa ta sama har alamar ta ɓace, ka karanta lambar da ruwan ya tsaya a kai. Sunan ma'aunin NTU. Ƙasa da 5 ake nema, in so samu ne ƙasa da 1. In ka cika har baki kana ganin alamar, ka tsallake. Ruwan da ya wuce haka sai an kwantar da shi kafin a sa magani, da alam, wanda a nan ake ce wa shab, ko da dakakken ƙwallon zogale kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Sai dai kwantar da laka daban, kashe cuta daban. Ruwan Baba ma garau yake. Shi kuwa pH sau ɗaya a mako ya isa. In ya haura 8 kulorin sanyi yake yi, lambarsa ta yi kyau aikinsa ya ragu, sai ka sanar da masu tasha.

Yanzu daftari. Kowane wuri da shafinsa. Rubuta rana, da lokaci, da minti nawa ke nan da zuwan ruwa, da lambobin da ka samu, sannan a gefe duk abin da ka gani: an yi ruwan sama daren jiya, wuta ta ɗauke tun asuba, ana haƙa rami a kan kwana. Lamba guda ba ta magana ita kaɗai. Samun 0.3 a gidan da ya saba ba da 0.3 lafiya ce. Samun 0.3 a gidan da wata guda yana ba da 0.8 tambaya ce, don ruwa ba ya tsami banza. A layin da ruwa ke zuwa da rabo, auna sau biyu, na farkon fitowa da na bayan rabin awa. Na farkon sharar bututu ce, duk abin da ya shiga kwanakin da layin ke bushe shi ke gaba. Gaya wa mata su yi wanki da shi ko yayyafin tsakar gida, kada ya ga randa.

Da daftarin nan ake kama ɓarawo. In lambar na sauka a hankali daga tanki zuwa wutsiya, 0.6, 0.5, 0.4, 0.2, tsufan ruwa ne da zafi, maganinsa na hannun masu tasha: su ƙara a tanki, ko su buɗe wutsiya ruwan da ya daɗe ya fita. In kuwa ta faɗi warwas tsakanin gida biyu, akwai abin da ke shiga. Haka muka yi a layin Baba. Da ruwa ya sake zuwa muka bi bututun muna komawa baya gida-gida, fari, fari, fari, sai a gida na shida launi ya dawo. Tsakaninsa da na biyar akwai ɗan kwarin da ruwan sama ke bi. Muka haƙa. Ashe wani ya taɓa huda bututun ya ja reshe zuwa gidansa, da ya tashi aka naɗe hujin da robar tayar keke aka mai da ƙasa. Taku kaɗan daga wurin ramin masai ne. Baba ya tsaya bakin ramin ya daɗe yana kallo, sannan ya aiki jikansa ya kawo mana jabana, gahawarmu ta nan.

Gidaje da yawa kuma bututunsu jaki ne. Mai karo, amalanken da ke ɗauke da ganga, shi ke kai musu, saboda haka shi ma layi ne, a auna shi. Auna a inda yake cikawa, ka sake aunawa a ƙofar gidan da ya sauke. Dubi bakin tiyonsa ko yana jan ƙasa, dubi tsumman da yake toshe ganga da shi, ka tambayi ranar da aka wanke cikinta. Amma da ladabi. "Kawu, a ba ni kofi ɗaya in gwada" ta fi tsayar da shi a titi kamar ka kama mai laifi. In ka kunyata shi gobe ta bayan layi zai bi.

In lijna ce ke zuba wa masu karo magani a wurin cikawa, to kada a yi shi da ka. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, a auna giram 15, wato babban cokali ɗaya a shafe, a dama a lita ɗaya ta ruwa cikin mazubin roba, ba na ƙarfe ba. A bari farin garin ya kwanta, a tsiyaye na sama. Wannan ita ce uwa, daga cikinta ake ɗiba. Mililita 2 nata a jarka mai lita 20 daidai yake da zuba miligiram 1 a kowace lita. Amma nawa ruwan zai cinye, nawa zai rage, sai an gwada. Jera jarka huɗu, ka sa musu mililita 1, 2, 3 da 4 na uwar da sirinji, ka girgiza, ka jira minti 30, ka auna kowace. Wadda ta ba da ragowar da kake nema ita ce mudunka. Ganga mai lita 200 ninki goma ke nan. Duk ranar da ruwan ya sauya kama, kamar bayan ruwan sama, a sake gwajin. Garin nan kuwa ba abin wasa ba ne: nesa da yara, nesa da rana da fetur, ba a haɗa shi da wani maganin wanki. Bututun gari kuma ba naka ba ne, kada ka zuba masa komai da hannunka.

Randa, zir ɗinmu, a nan guzuri ke ƙarewa. Ka auna ruwan da ya kwana a ciki ka ga sifili, ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa murfi ne, da moda mai dogon hannu da ke rataye ba a ƙasa ba, da ko hannun yara na nitsewa ciki. Randunan sabil na ƙofar masallaci, da kowa ke sha da kofi ɗaya, su ma a sa su a zagaye.

Duk wannan awon shaida ne na ko mai rakiya na nan. Ita ƙwayar cutar kanta sai ɗakin gwaji. Abin da masu gwajin ke nema ƙwayar E. coli ce, alamar bayan gida ya taɓa ruwan, kuma hukuncin ba sassauci: ko ɗaya kada a samu a mililita 100. A garin da mutanensa ke tsakanin 5,000 da 100,000, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ne samfuri 12 a shekara ga kowane mutum 5,000, wato ɗaya a wata. Karɓo kwalba daga wurinsu. Za ka ga ɗan gari ko ɗigo a ciki, kada ka ɗauraye, shi ke kashe kulorin don kada ya ci gaba da aiki a hanya ya ɓoye laifi. In ruwan bututu kake tuhuma, wanke bakin famfon, ka gasa shi da wuta in na ƙarfe ne, ka goge da ruwan kulorin in na roba ne, ka bari ya zuba sannan ka tara. In kuwa abin da iyali ke sha kake son sani, ɗebo daga randarsu da modarsu yadda suka saba, kada ka gyara komai. Bar ɗan sarari a wuyan kwalbar, kada ka taɓa cikin murfi, rubuta wuri da lokaci, sa a kula da ƙanƙara. Ya isa gare su cikin awa 6. In ya wuce awa 24 zubar da shi kawai. Akwai kuma 'yar kwalbar da ke yin baƙi ƙirin cikin kwana ɗaya zuwa biyu in ruwa ya gurɓata. Tana da amfani a ƙauye, amma ishara ce, ba hukunci ba.

Ruwan rijiyar burtsatse a kai shi gwajin gishiri da ma'adinai ko sau ɗaya a shekara. Naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, don haɗari ne ga jariran da ake dama wa madara. Fuloraid kada ya wuce 1.5, shi ke rina haƙoran yara. Waɗannan tafasawa ba ta fitar da su, kulorin ma haka.

Ranar da ka samu sifili a inda ba a saba ba, kada ka jira ɗakin gwaji. Sake aunawa da sabuwar ƙwaya don ka tabbata, sannan abu biyu a rana ɗaya. Na farko a roƙi liman ko ladan ya sanar bayan salla: mutanen layi kaza su tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓulɓula, ko su sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a ledarta. A faɗi sunan layin, kada a ce ruwan gari ya lalace a tayar da hankalin kowa. Na biyu ka ɗauki daftarin da kansa zuwa ofishin ruwa. Wanda ya je ya ce ruwanmu ba kyau, za a ce masa in sha Allah. Wanda ya buɗe shafi ya nuna layi da rana da lamba, da gida biyun da abin ya faɗi a tsakaninsu, ya rage wa ma'aikata haƙan rabin unguwa. Idan sun gyara, a buɗe wutsiya ruwa ya zuba har ya washe, domin gyaran kansa na shigar da ƙasa. Ni ba na cewa ladan ya janye sanarwa sai launi ya dawo a gidan ƙarshe zuwan ruwa uku a jere.